Zaman Kan Murfi

Laraba, bayan la'asar

Hukuma ta ce in na ci gaba da zagaye tsakar gida ina magana ni kaɗai za ta tara mini maƙwabta, shi ya sa na ɗauki ragowar littafin Auta na zauna. Hukuma ita ce matata. Ban taɓa ɗaukaka ƙara a kan hukuncinta na yi nasara ba. Auta kuwa 'yarmu ce ta ƙarshe. Rubutuna kamar kaza ta yi tono, don ni da makaranta mun rabu tun muna ganin mutuncin juna.

Aikina a matatar ruwan kwata ta gari. Duk abin da mutum ya kai bayi ya juya masa baya, mu yake aiko wa. Ruwan a tace shi ya wuce. Lakar da ta kwanta kuma tamu ce: mu ja ta da famfo, mu baza a filin shanya, ta bushe, mu kwashe. In baƙo ya tambaye ni sai in ce ina ma'aikatar ruwa. Ban yi ƙarya ba, ban dai ƙarasa ba.

Jiya famfon da ke ƙasan babban rami ya toshe. Layin abokin aikinmu Zakara ne, shi ya sauka. Yana waƙa yana bin tsani kamar kullum, sai waƙar ta tsaya. Da igiya muka jawo shi.

Yana asibiti. Iyakar abin da zan rubuta ke nan yau.

Alhamis, hutun rana

Bari in faɗi yadda muke yi, ko don Auta in ta girma ta san ubanta ba shi kaɗai ne wawa ba, muna da yawa.

Kafin a sauka rami Kawu ne ke ɗaga murfi. Shi ne babbanmu, ya riga famfon zuwa wurin. Sai ya durƙusa, ya leƙa kai, ya ja numfashi. In ya ji warin ruɓaɓɓen ƙwai ya ce, "Rami na fushi, a ba shi lokaci." In bai ji komai ba ya ce, "Ya huce." Mai layi ya ɗaura igiya a ƙugu ya kama tsani. Haka muka tarar, haka muke yi. Akwai wata 'yar na'ura mai gwada iska da muke kira Gyare saboda kukanta, amma an kai ta gyara tun Auta na rarrafe, yanzu ga Auta tana gyara mini karatu.

Ranar Talata Kawu ya ce ya huce.

Layi ba ya tsallake kowa. Bayan Zakara sai ni, Tulu. Bayana sai Ango, wanda har yanzu in an ambaci matarsa sai ya sunkuyar da kai yana murmushi.

Famfo na nan a toshe. Laka na taruwa a kwarin sama, inda take kwanciya kafin famfo ya ja ta. Injiniya, mai kula da matatar, ya ce a bar rami zuwa Litinin, hankali ya kwanta.

Juma'a, da yamma

Na je asibiti. Mutumin da ko yana tauna ba ya iya rufe baki, ga shi kwance da roba a hanci, inji na yi masa numfashi. Matarsa na zaune a baranda, ta ce, "Baban Auta, sannu da hanya. Ka ci abinci?" Ita ke tambayata.

Wata nas ta tsaya tana kallon idona.

"Baba, kai ma can kake aiki?"

"A ina kika gane? Ƙamshin turaren?"

Ba ta yi dariya ba. Ta tambayi tun yaushe idona yake ja haka, tun yaushe nake wannan tarin, kaina na sarawa da yamma? Na ce duk gadon aiki ne. Ta ce, "Yaushe rabonka da jin wari?"

Na ce, "'Yata, ai hancina ya yi ritaya ya bar ni ina aiki." Da alfahari na faɗa. A wurinmu abin taƙama ne. Sabon ɗauka ke amai, tsohon hannu a bakin kwari yake cin abincinsa.

Ta ce, "Iskar nan in kaɗan ce za a ji warinta. In ta yi yawa hanci take fara kashewa kafin ta kai huhu. Kuma nauyi gare ta, a ƙasa take kwanciya. Lokacin da ba ku ji komai ba, yana iya zama lokacin ne ta fi yawa."

Na ce, "Wato in rami ya yi shiru..."

Ta ce, "Ku gudu."

Na taka har gida ban samu abin dariya ko ɗaya da zan faɗa wa kaina ba. Wannan ma ya kamata a rubuta, don bai taɓa faruwa ba.

Asabar, da rana

Tukunya ta ƙone ina zaune dab da ita. Auta ce ta rugo daga waje tana cewa ƙauri. Hukuma ta ce, "Kai da ice duk ɗaya." Na yi dariya don kada ta kalle ni da kyau.

Lahadi, bayan la'asar

Mun raka Zakara makwancinsa, mun dawo babu shi. Mutane da yawa. Takalmina ya matse ni.

Litinin, bayan tashi daga aiki

Da safe Injiniya ya tara mu a bakin rami. Yaro ne mai kirki, idonsa ya faɗa, da gani shi ma bai runtsa ba. Ya yi ta'aziyya. Ya ce laka ta kusa bakin kwari, in ta tumbatsa unguwar bayan katanga za ta nufa. Ya ce, "Layin wa?"

Na ce, "Nawa ne, ranka ya daɗe. Ina Gyare?"

Ya ce ya nema a babban ofis, da injin hura iska, da tukunyar numfashi. Sun ce wata mai zuwa.

Na faɗa musu abin da nas ta ce, yadda na iya riƙe shi. Kawu ya kalli ƙasa. Injiniya ya ce ya san da haka, shi ya sa za a bar murfi a buɗe rami ya sha iska tukuna. Na ce iskar da ke kwance a ƙasa wa zai tashe ta, sallama za mu yi mata?

Ya ce, "Malam Tulu, ba za ka sauka ba?"

"Ba zan sauka ba, yallaɓai."

"To waye a baya?"

Sai na ga Ango ya fara neman igiya. Nan ne na gane ƙin sauka ba komai ba ne, tura wani ne kawai. Ban yi shawara da kowa ba, ko da kaina. Na tako, na juya, na zauna a kan murfi.

Allah bai ba ni karatu ba, amma ya ba ni mazaunai. Ba banza suke kirana Tulu ba.

Injiniya ya ce in tashi. Na ce ƙafata ta riƙe. Ya ce wannan ƙin aiki ne, kuma ƙin aiki kora ce. Na ce na ji, amma ƙafar ba ta ji ba. Ya tafi ofis ya rufo ƙofa da ƙarfi.

Har aka tashi ban motsa ba. Bayan tashi ba mai sauka, maigadi kaɗai ke wurin, shi kuwa ko an ba shi garin nan ba zai leƙa rami ba.

Ban faɗa wa Hukuma ba.

Talata, bayan tashi daga aiki

Abin da ban lissafa ba biyu ne. Na farko, murfin ƙarfe ne, kuma rana ta san inda yake. Na biyu, mutum ne ni. Duk bahayar garin nan tana wucewa ta ƙarƙashina, ni kuwa ba damar in je in ba da tawa gudummawar. Na daina shan ruwa tun safe.

Ango ya zo ya tsuguna kusa da ni.

"Yaya Tulu, ka tashi in sauka kawai. Minti kaɗan ne. Kada a kore ka saboda ni."

"Kai, tafi can. Amaryarka ta gama ganin fuskarka ne? Ni Hukuma ta gaji da tawa, amma duk da haka ba zan ba ta hutu ba."

"Ina da ƙarfin riƙe numfashi fa."

"Zakara ma yana da shi."

Ya tashi.

Sauran suna can kwarin sama da ƙaramin famfo da bokitai da baro, suna rage laka da hannu. Ni ina zaune kamar mai gadin kasuwa ina kallonsu. Kada wani ya ce mini zama ba wahala.

Laraba, da safe

Ba wanda zai sauka. Na rubuta don in gani da idona.

Alhamis, da yamma

Asiri ya tonu, kuma wando ne ya tona shi. Hukuma tana wanki ta ɗaga shi sama: tsatsa ta zana masa da'ira a baya, har da tambarin kamfanin da ya ƙera murfin.

"Baban Auta, aikin ruwan ne ya koma na zama?"

Na fara da wasa. Ta ajiye sabulu ta zuba mini ido, wasan ya mutu a bakina. Na faɗa mata duka, har da layi, har da kora.

Ta mayar da wandon cikin kumfa. Sannan ta ce, "Shekara nawa nake hana Auta rungume ka sai ka yi wanka? Shekara nawa nake dafa kayanka a tukunya daban? Na ɗauka iyakar abin ke nan, ƙurajen hannu da gudawa. Ashe da rami."

Na ce, "Da rami."

Ta ce, "In sun kore ka, mu ci abin da ya samu. In ka sauka ramin nan da hanci, ko ka fito ba ka da mata."

Na ce na karɓi hukunci, ba ɗaukaka ƙara.

Juma'a, hutun rana

Da zan fito ta miƙo mini tsohon matashin kai a leda. Ta ce, "In za ka yi taurin kai, yi shi da kyau."

Yanzu a kansa nake rubutu. Masu baro sun ce saura a kawo mini mai fifita.

Ba duka ke dariya ba. Ɗaya ya ce sun yi ta ɗibar laka har fatar hannunsu na saluɓewa, biyu sun kwana suna zaryar bayi, duk saboda ni. Gaskiya ya faɗa. Na ce ya zo ya zauna ni in ɗauki baro. Ya ce shi yana son aikinsa.

Litinin, bayan tashi daga aiki

An yi ruwa jiya. Laka ta leƙa ta kan kwari, ta bi ta ƙarƙashin katanga ta shiga lungu. Da hantsi mata uku suka zo bakin ƙofa, ɗaya da yaro a kafaɗa, ƙafarsa baƙi ƙirin. Maigadi, Allah ya saka masa, ya nuna musu ni.

Mai yaron ta ce, "Kai ne ka hana a gyara?"

"Ni ne, baiwar Allah."

"Kana da 'ya'ya?"

"Ina da su."

"To ka zo ka ga inda nawa ke wasa."

Na ce ta wanke shi da sabulu sosai, in ya fara zazzaɓi ko gudawa ta kai shi asibiti ta faɗi abin da ya taka. Ta ce ba likita ta zo nema ba.

Bayan an tashi na je lungun da shebur, ni da Ango, muka kankare abin da za mu iya, muka zuba yashi. Ta leƙo ta ganmu, ba ta ce sannu ba. Ba ta ci bashin sannu ba.

Kaina na sarawa. Ba wanda zai sauka.

Talata, hutun rana

Cikina ya juya yau, irin juyin da ba a yi masa haƙuri. Ina ta gumi ina matse-matse, ga Injiniya tsaye a ƙofar ofis, ga Ango kusa da igiya. Na ce shi ke nan, abin da kora ba ta yi ba gudawa za ta yi.

Sai ga inuwa a kaina. Kawu.

Tun ranar da abin ya faru ban ji muryarsa ba. A bayan ɗakin kaya yake cin abinci shi kaɗai.

Ya ce, "Matsa."

Na ce, "Kawu, murfin za ka ɗaga?"

Ya ce, "Matsa, ɗan nan, kafin ka ɓata matashin matarka."

Na ruga. Da na dawo yana zaune daram, ya ɗora hularsa a gwiwa. Mutum kamar tsinke, iska ma ta isa ta ɗaga shi, amma wa zai taɓa Kawu?

Na zauna gefensa. Can ya ce, ba ni yake kallo ba, "Mutum nawa na ce wa ya huce."

Na ce, "Kowa ya yarda, Kawu. Ni ma da ni ne a bakin murfi haka zan ce."

Ya ce, "Amma ba kai ba ne."

Na ba shi rabin matashin.

Laraba, da yamma

Layi ya dawo, amma na zama. Ni da safe, Kawu da rana, Ango da yamma, mai fatar hannu, wanda ya yi mini ƙorafi rannan, shi ma ya karɓi rabin awa yana zagina. Na samu na koma kan baro. Ban taɓa zaton zan yi kewar laka ba.

Injiniya ya kira ni ofis. Ya ce maganata ta je sama, ba ta hannunsa.

Na ce, "To, yallaɓai."

Ya ce, "Ka san ni ma kirana suke yi safe da yamma? Suna cewa wane irin shugaba ne mutum ɗaya ya gagare shi."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ka ce musu su zo su ɗaga ni da kansu. In sun ga girmana za su yi maka uzuri."

Ya rufe fuska da hannu. Ban san ko dariya yake ba. Sai ya ce, "Ni na kai wa matar Zakara kayansa." Sannan ya ce, "Jeka, Malam Tulu."

Alhamis, da safe

Motar Injiniya ba ta nan. Maigadi ya ce ya zo da sassafe ya ɗauki igiyoyin ɗaure kaya ya fita.

Juma'a, bayan tashi daga aiki

Injiniya ya dawo jiya da yamma, mota ta yi butu-butu. Wata matatar ruwa ya je a wani gari mai nisa, ya roƙi abokin karatunsa aro: Gyare, injin hura iska mai dogon bututu, da tukunyar numfashi da takunkuminta. Aron kwana biyu, ba da sanin babban ofis ba.

Da safe na tashi daga kan murfi don kaina. Aka ɗaga shi. Injiniya ya kalli Kawu. Kawu ya durƙusa kamar yadda ya saba, ya ja numfashi, ya ɗago.

Ya ce, "Ban ji komai ba. Da a da ne, da na ce ya huce."

Aka ɗaura Gyare a zare aka zura. A bakin rami shiru. Ƙasa kaɗan shiru. Har Ango ya fara kallona. Kafin ta kai tsakiyar tsani sai ta fashe da kuka, irin kukan da ke shiga haƙori, jan wuta na walƙiya a cikin duhu. Aka bar ta tana yi. Ba wanda ya ce a jawo ta. Mai fatar hannu ya cire hula.

Aka sa injin hura iska, ya yi ta aiki har rana ta karkata. Aka sake zura Gyare har ƙasa. Shiru, na gaskiya wannan karon.

Injiniya ya ce gobe da safe a sake hurawa a sauka. Ya ce, "Wa zai je?"

Na ce, "Ai layi bai tsallake ni ba."

A gida na nemi izini. Hukuma ta sa na maimaita mata komai sau biyu, bututu, tukunya, igiya, wa zai riƙe igiya. Na ce Kawu da Ango. Ta ce, "Jeka. Ka dawo da wuri, akwai ɗiban ruwa."

Asabar, bayan la'asar

Takunkumin an yi shi ne don fuskokin mutanen kirki, sai da aka ja maɗauri har ƙarshe ya kama tawa. Da tukunya a baya, da Gyare a ƙirji, Ango ya ce na yi kama da ƙwaron da ke tura kashi. Na ce ai sana'armu ɗaya.

Kafin in kama tsani Injiniya ya ja ni gefe. Ya ce sama sun yanke: ba kora, amma daga Litinin an mayar da ni filin shanya, ba ni ba rami. Na ce rana da ƙura, an ƙara mini girma. Ya ce Gyarenmu kuma ya sa an nemo inda aka kai ta, kuma daga yau ba mai ɗaga murfi sai da ita, ko garin zai nutse. Na ce ya faɗa a gaban kowa. Ya faɗa.

Na sauka. Tsani na santsi. Ban yi waƙa ba, ba ni da murya, kuma cikin takunkumi numfashinka kawai kake ji, shiga, fita, kamar wani ne ke yi maka. Sama Kawu na kira, "Tulu?" Ni kuma in ja igiya.

Ƙasa laka iya idon sawu. Na haska fitila a kan famfo.

Sifanar Zakara na nan a kan noti, yadda ya bar ta. Ya kwance sauran duka, ya jera su a kan bututu don kada su faɗa laka, manya gefe, ƙanana gefe. Mutumin da bai taɓa sanin inda ya ajiye hularsa ba. Saura ɗaya, ya juya shi rabi.

Na tsaya. Kawu ya kira, na ja igiya. Ya sake kira, na sake ja.

Sannan na kama sifanar na ƙarasa masa.

Abin da ya toshe famfon tsumma ne da gashin kanti da ledoji, dunƙule bai fi kan jariri ba. Na sa a bokiti aka ja sama. Na mayar da notuna yadda ya jera su. Injiniya ya kunna, na ji laka ta motsa a cikin bututu ƙarƙashin tafin hannuna.

Na hau. Ango ya rungume ni da laka da komai, yanzu matarsa ce za ta ji da shi.

Sifanar ta ma'aikata ce, ya kamata in mayar ɗakin kaya. Na wanke ta sau uku, na goge, tana cikin aljihuna. A rubuta ta a kaina.